Yadda ake tayar da tsohuwar Fijo 504 a ɗora mata injin zamani

Shekara goma sha ɗaya Fijon mahaifina ta yi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Duk dillalin da ya zo taya ta, Hajiya kan ce masa ba ta sayarwa ba ce. Ranar da na ce zan tayar da ita, tambayar da kowa ya fara yi mini ita ce wane inji zan sa. Ni ma a lokacin abin da ke raina ke nan. Sai da na shafe shekara biyu da rabi tsakanin gareji da kasuwar Panteka kafin na gane cewa inji shi ne mafi sauƙi a aikin. Wahalar tana wajen shirya jikin motar da ƙafafunta da birkinta su iya ɗaukar ƙarfin da ba da shi aka haife ta ba, da kuma yin kowane aiki a lokacinsa, don kada ka koma kana yanka ƙarfen da ka riga ka biya kuɗin fentinsa.

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, ta lashe kambin motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma bayan Turai ta daina ƙera salun ɗin a 1983, a nan aka ci gaba da fitar da ita har 2006. Ita ce ta cinye tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975 da kuma 1978. Duk wannan yana da amfani ga mai wannan aiki: jikinta ya san hanyar burji, kayanta suna nan a kasuwannin Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano da Ladipo ta Legas, kuma har yanzu akwai dattawan kanikawa da za su iya kwance ta ido rufe.

Ka fara da takarda da biro

Kafin ka taɓa sufana, ka rubuta abin da kake so motar ta yi maka. Tafiyar Kaduna zuwa Kano da iyali cikin sanyin AC? Yawon Juma'a da yamma? Ko gwada ƙwanji a fili? Amsar ita za ta zaɓa maka inji da giya da birki. Injin 504 na asali mai lita 2 da kafireto bai kai ƙarfin doki 100 ba, motar kuma nauyinta ya ɗan haura kilo 1,200. Ni a ganina doki 150 zuwa 200 shi ne daidai wuyanta. Ta riga ta zama wata mota daban a wannan ƙarfin. Idan ka haura nan, sai ka sake kusan komai na ƙarƙashinta, ka tarar suna kawai ya rage na Fijo.

Ka rubuta kasafin kuɗi, sannan ka ƙara masa kashi ɗaya bisa uku ka ajiye gefe. Farashin kayan Kwatano da dala yake tafiya, kuma abin da fenti ya rufe ba ka san shi ba tukuna.

Zaɓen jiki

Idan ba gadon motar ka yi ba, ka nemi wadda ta rayu a Arewa. Iskar bakin teku tana cin ƙarfe, busasshiyar iskarmu kuwa tana barinsa. Amma motocinmu suna da nasu ciwon, wato lodi. Wagon ɗin da ta yi shekaru tana haya, buhuna a but, fasinja a matse, sau da yawa ƙashin bayanta ya riga ya lanƙwashe. Ka fi neman salun ta tsohon ma'aikaci ko ta wani gida da aka ajiye.

Ka je da tocila da maganaɗisu da ƙaramar guduma. 504 ba ta da shasi daban, jikin ne yake ɗauke da komai, don haka tsatsa a wurin da bai dace ba karaya ce. Ka ɗaga kafet ka duba daɓen ƙasa. Ka duba dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da kan shokozoba na gaba a cikin ɗakin inji, da wuraren da ake kafa jak, da inda ƙarfen gicciye na baya ya kama jiki, da gindin gilashin gaba, da ramin but. Ka bi jikin da maganaɗisu. Duk inda ya ƙi kamawa, foti ne aka lafta. A tamu, a gefen baya na dama, maganaɗisun faɗuwa ya yi ƙasa. Da aka kankare sai ga foti mai kaurin yatsa a kan wani tsohon karo da babu wanda ya tuna da shi a gidan.

Sai awo. A ajiye motar a daɓe mai daidai, a auna a gicciye: daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, sannan ɗaya ɓangaren, daga maki iri ɗaya a ƙarƙashin jiki. In bambancin ya wuce 'yan milimita kaɗan, motar a karkace take, kuma babu alaimen ɗin da zai miƙar da ita sai an ja ta. Ka leƙa bayanta kuma ka ga wace irin ƙafa gare ta. Wasu salun kowace tayar baya da hannunta take tafiya, da birkin diski. Wasu salun ɗin da duk wagon aksul guda ne miƙaƙƙe, da birkin ganga. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa, domin shi ne zai fi ba ka aiki.

Lambar shasi ta dace da ta takarda. In ba ta dace ba, ka bar motar komai kyanta.

Kwancewa

A kwance komai, har gilashi da wayoyi. Ka ɗauki hoto kafin a cire kowane abu. Noti da kusoshi a ƙulla su a leda, a rubuta inda suka fito, a zuba a akwati mai kwaɗo. Ƙarafan ado na jiki, fitilu, tambarin zaki, hannun ƙofa, ka kai su gida da kanka. Su ne suka fi wuyar samu, su ne kuma suka fi saurin ɓacewa a gareji.

Inji: a saye shi da wuri, a tayar da shi a ƙarshe

Nan mutane ke ruɗewa. Ba za ka kunna injin ba sai an gama kusan komai, amma dole ya zo gareji tun motar tana tsirara, don a gwada shi a ramin, a yi duk yanka da waldar da za a yi kafin fenti.

Abu na farko da ya kamata ka sani: injin 504 a kishingiɗe yake, an karkata shi digiri 45, shi ya sa bonet ɗinta ya kwanta ƙasa. Injin da yake tsaye sak zai iya tokare bonet ta sama, kaskon baƙin mansa kuma ya zauna kan ƙarfen gicciye ko sitiyarin rak ta ƙasa. Saboda haka ka je kasuwa da tef ɗin awo da lambobin raminka a rubuce: tsawo daga bangon ɗakin inji zuwa lagireto, faɗi tsakanin ƙarafan jiki biyu, da tazara daga ƙarfen gicciye zuwa cikin bonet.

Hanya mafi sauƙi ita ce zama cikin dangi. Injin 505 GTI mai lita 2.2 da nozul yana ba da wajen doki 130, V6 na 505 mai lita 2.8 kuma wajen 170, kuma V6 ba baƙo ba ne a jikin 504, don kamfanin da kansa ya sa shi a samfurin mai ƙofa biyu tun 1974. Matsalarsu tsufa, samun mai lafiya yanzu sai an sha yawo. Akwai Toyota 3RZ mai lita 2.7 na Hiace da Hilux, doki 150, ga juriya ga kaya ko'ina, sai dai dogo ne mai nauyi. Akwai masu mafarkin 2JZ na Toyota ko V8 na Lexus LS400. Za su iya shiga in an yi yanka sosai, amma nauyin zai taru a hanci, motar da aka sani da laushin kwana ta koma tana turjewa.

Ni na zaɓi M111 na Mercedes, irin na C230 samfurin W202: silinda huɗu, lita 2.3, bawul 16, sarƙa maimakon bel, doki 150. Mai Kompressor ɗinsa, wato mai na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yana kai 193. Dalilina ba wani abu ba ne illa don jan tayar baya aka ƙera shi, gajere ne, kuma babu babban garin da za ka rasa wanda ya san shi. Injin motar da ke ja da tayar gaba, irin na Camry ko 406, yana iya yin arha, amma juya shi ya kalli baya aiki ne mai cin kuɗi.

Kowanne ka zaɓa, kada ka sayi inji tsurarsa. Ka sayi rabin mota, wato gaban motar da aka yanko da injinsa, in da hali, ko aƙalla inji da giyabos ɗinsa da duk wayoyinsa da kwamfutarsa, wadda kanikawa ke kira birenbos, da makulli da na'urar da ke karanta makullin, duka daga mota guda. Injinan zamani da yawa ba sa tashi in kwamfuta ba ta gane makulli ba. Ka karɓo sensoci, da altaneta, da kwamfiresan AC, da famfon sitiyari, da farfela, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa baya. A gwada matsin kowace silinda a gabanka, kada bambancin ya wuce kashi 10 cikin 100. A buɗe murfin sama ka ga ciki: launin zuma ake so, ba baƙin laka ba. In rabin motar daga Japan ta zo, mai sitiyari a dama ce, wayoyinta za su buƙaci ƙari kafin su iso inda kake so a motarmu mai sitiyari a hagu. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji.

Wajen gwaji, a rataye inji da giyabos a haɗe a sauke su cikin ramin. A matsar da shi baya iya yadda zai yiwu ba tare da ya taɓa bango ba, nauyi ya dawo tsakiya. A bar masa tazarar yatsa biyu a kowane gefe, don inji yana girgiza. A yanka fasalin mazauninsa da kwali tukuna, sannan da ƙarfe mai kauri, a ɗiga walda kaɗan, a rufe bonet a gani, a juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama. Sai an gamsu a kammala waldar. A zaunar da shi kan roba, ba ƙarfe kan ƙarfe ba. In kasko ya tokare, gara a sake wa kaskon fasali tare da bututun da ke tsotso mai, da a yanke ƙarfen gicciye da ke riƙe da ƙafafun gaba. Sau biyar muka sa namu muka cire kafin ya zauna.

Bututun farfela

Ga inda 504 ta bambanta da yawancin motoci, ga kuma inda ayyuka da dama ke mutuwa. Farfelarta ba a fili take ba. A cikin wani ƙaton bututu take, wanda ya haɗe bayan giyabos da difarenshal, wato akwatin da ke raba juyi ga tayoyin baya. Bututun nan ba murfi ba ne kawai, yana cikin ƙashin motar. Shi yake hana difarenshal ɗaga kai idan ka taka totur. A mai miƙaƙƙen aksul kuwa aikinsa ya fi haka, shi yake riƙe aksul ɗin kada ya yi gaba ko baya, shi yake tura motar. Wanda ya cire shi ya sa farfela a fili bai yi wani tanadi ba, ya cire abin da ke riƙe da bayan motarsa.

Hanya biyu ce. Ta farko, ka bar giyabos na Fijo da bututunsa, ka nemi mai giya biyar na 505, irin BA10 da ya fi BA7 ƙarfi, sannan mai sassaƙa ƙarfe, wato tana, ya yi maka farantin da zai aurar da sabon inji da tsohon giyabos. Wannan yana son awo na gaske. In tsakiyar inji da ta giyabos suka saɓa ko da ɗan kaɗan ne, kuloci da boris za su riƙa mutuwa ba ka san dalili ba. Ya dace da ƙarfi matsakaici.

Ta biyu, wadda na bi, ka sa giyabos ɗin da ya zo da inji, a yi farfela a fili. Motarmu mai hannu daban-daban ce, don haka aka yi wa hancin difarenshal murfi mai boris da sil da faranti na ɗaura farfela, aka kuma yi masa mazauni mai ƙarfi da zai karɓi aikin bututun. In taka mai miƙaƙƙen aksul ce, sai an yi mata hannuwa huɗu da za su riƙe aksul, da sandar da ke hana shi zamewa gefe, kuma a ƙarfafa wuraren da za su kama jiki da faranti. Wannan ba aikin mai waldar ƙofa ba ne. Ka nemi wanda ya taɓa yi, ka je ka ga motar da ya yi tana tafiya.

Farfelar a yanka ta a injin tana, a daidaita nauyinta. Layin bayan giyabos da na hancin difarenshal su kasance sun yi daidai da juna, gaɓoɓin farfela kuma su karkata kaɗan, digiri 1 zuwa 3. In aka kuskure nan, za ka ji rawa a ƙarƙashin kujera da zarar ka kai wani gudu, ka yi ta canja taya a banza.

Ka yi ɗan lissafi kafin ka rufe wannan babi. Tayar 195/65 R15 tana cin kusan mita 2 a juyi ɗaya, wato a gudun kilomita 120 tana juyi wajen 1,000 a minti. In rabon difarenshal ɗinka 3.9 ne, kuma giyarka ta ƙarshe ɗaya-da-ɗaya ce, inji zai riƙa juyi 3,900, ga ƙara ga shan mai. In giya ta biyar 0.8 ce, zai sauko wajen 3,100. Wasu giyabos na Jamus giyarsu ta biyar ɗaya-da-ɗaya ce, don haka ka bincika kafin ka biya.

Walda da fenti

Yanzu a cire inji, a koma kan jiki. A kankare har ƙarfe. Duk inda tsatsa ta huda, a yanke a sa sabon faranti mai kauri ɗaya da na asali, ba a lulluɓe ruɓaɓɓe da sabo ba. Waldar gas tana dumama faranti har ya murɗe, in akwai mai injin MIG shi ya fi. A ƙara walda a gaɓoɓin ɗakin inji da kewayen kan shokozoba, ɗinki-ɗinki, ba layi ɗaya dogo ba.

Fanabitan da ya yi mini aiki dattijo ne mai ƙarancin magana. Yakan shafa ƙarfe da tafin hannu idonsa na kallon wani wuri, ya ɗan buga da guduma sau biyu, ya sake shafawa. Na taɓa ce masa, "Baba, wannan ɗan lotsawar ai foti zai rufe." Ya ce, "Alhaji ƙarami, foti rana yake jira. Bazara biyu zai tsage." Kwana uku ya yi a kan wannan gefen, kuma fotin da ya shiga motar duka bai cika gwangwani ɗaya ba.

Duk hujin da za a yi na wayoyi, tiyon AC, bututun mai da mazaunin lagireto, a yi shi yanzu. Sannan shafen farko mai hana tsatsa, a toshe gaɓoɓi, a fesa wa ƙarƙashi kariya, a zuba mai hana tsatsa cikin ƙofofi. Fenti a ɗaki rufaffe, kuma ka kauce wa lokacin hunturu, ƙurar harmatan ba ta da ƙofar da ba ta shiga.

Ƙafafu da birki

Motar ta iya tsayawa kafin ta iya gudu. Kada ka bar tsohon abu ko ɗaya a layin birki: bututan ƙarfe, tiyo, masta, robobin kalifa, duka sababbi. Masta ya zama mai layi biyu, in ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da kai. A gwada sabo (servo), wato tulun da ke ƙara wa birki ƙarfi, a tabbatar yana riƙe iska. Man birki DOT 4, daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka.

Ga doki 150 zuwa sama, gaba tana son diski mai ramukan iska a tsakiya. Kayan gaban 505 masu ƙarfi, irin na GTI da V6, su aka fi ɗaukowa, don 'yan gida ɗaya ne da 504, amma a auna kafin a saya. Kada ka ƙara wa baya ƙarfi fiye da gaba. In tayoyin baya suka riga na gaba kullewa, motar juyawa za ta yi da kai. Akwai bawul ɗin da ke rage matsin birkin baya gwargwadon lodi, kanikawa da yawa sukan cire shi su jefar. A gyara shi a mayar.

Bushin, bol join, tayarod, boris, duka a sake. Shokozoba mai kyau, sifirin ɗan tauri kaɗan. Ina roƙonka kada ka yanke sifirin don motar ta kwanta. Daɗin 504 yana cikin doguwar tafiyar ƙafarta, yadda take haɗiye rami ba ka ji ba. In ka kashe wannan ka kashe abin da ya sa ake sonta, kuma kaskon inji zai haɗu da tudun rage gudu na farko. In za a sauke ta, santimita 2 ko 3 ya isa.

Rim ɗinta huji huɗu ne a da'irar milimita 140, awon da ba kasafai ake samu ba, don haka rim ɗin Toyota ko Honda ba zai shiga ba. Inci 15 na dangin Fijo ya wadatar. Ka yi hankali da wasu kyawawan rim na 505 da ake kira TRX, awonsu milimita 390 ne, tayar inci 15 ba ta hawa kansu. Taya kuma sabuwa. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin DOT da ke jikinta suna gaya maka mako da shekarar da aka yi ta.

Mai, ruwa da wuta

Kafireto da ɗan matsi kaɗan yake aiki. Nozul yana son matsin da ya kai wajen bar 3 a ma'aunin matsi, wato fiye da ninki goma. Tsohon tiyo ba zai ɗauka ba, kuma fetur da ya fesu kan salansa mai zafi gobara ce. A wanke tanki, a sa famfon lantarki da matata kafinsa da bayansa, a ja sabon bututu, da na komawa tanki in injin yana buƙata, a ɗaure su nesa da salansa. Tsohon tanki ba shi da abin da ke tare mai kusa da bakin famfo, in mai ya yi ƙasa ka sha kwana sai famfo ya tsotsi iska. Maganinsa ɗan ƙaramin tanki na lita ɗaya ko biyu a tsakani. Famfon kuma kwamfuta ce za ta riƙa kunna shi ta rile, don in inji ya mutu shi ma ya tsaya.

Sanyaya inji a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu ba abin wasa ba ne. Lagireto mafi girma da ramin zai ɗauka, fankar lantarki mai rumfa da ke jan iska ta dukkan fuskarsa, a toshe gefuna kada iska ta zagaye. Za a ba ka shawarar cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye. Kada ka yarda. Injin zamani yana da zafin da aka tsara masa. In bai kai ba, kwamfuta za ta ɗauka har yanzu sanyi yake, ta yi ta zuba mai, fulogi ya yi baƙi, silinda ta ci kanta. Ruwan lagireto na gwangwani za ka sa, ba na rijiya ba.

Wuta ita ce ta taɓa ba ni tsoro. Riwayan farko da na kai wa aikin ya murɗa wayoyi da hannu ya naɗe da tef, ya ɗauki wutar famfo daga tsohuwar wayar da ta haura shekara talatin. Muna tsaye sai hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin dashbod. Allah ya sa kan batir a kwance yake, yaron gareji ya fizge shi. Daga ranar na sa aka zare tsofaffin wayoyi gaba ɗaya. A ja sababbi, kowane layi da fis ɗinsa, fitilu da fanka da famfo da hon kowanne da rile. Duk haɗi a matse shi da kan waya ko a yi masa dalma a rufe. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa roba. Waya mai kauri daga batir zuwa jiki, wata daga inji zuwa jiki. Kwamfuta a cikin mota, sama da inda ruwa zai iya kaiwa. A bar sokat ɗin na'urar bincike a inda hannu zai kai, a rubuta taswirar wayoyin a ajiye kwafi a motar.

Salansa kada ta yi faɗi fiye da kima, inci 2 da kwata ya ishi irin wannan inji, kuma a mayar da sensan hayaƙi wurinsa. Matatar iska mai akwati za ka sa, wadda ke shaƙa daga gaba. Buɗaɗɗiyar nan mai kama da mazurari ƙura take sha.

Cikin mota ban taɓa fasalinsa ba, dashbod da sitiyari na asali na bari. Na ƙara gej na zafi da na matsin baƙin mai, da bel mai kama kafaɗa a kowace kujera a ɗaure kan faranti, da abin kashe gobara a inda hannun direba zai kai.

Tayarwa da gwaji

Sabon baƙin mai da matata. A cire fis ɗin famfo a juya inji har fitilar mai ta mutu. A mayar, a kunna makulli sau uku ba tare da tayarwa ba, a bi layin fetur da ido da hanci. Sannan a tayar, mutum ɗaya na riƙe da abin kashe gobara. A bar shi ya yi zafi har fanka ta tashi ta tsaya da kanta, a sa na'ura a ga ko kwamfuta na da ƙorafi.

Bayan alaimen, gwajin farko na birki ne, a fili mara mutane: gudun 30, sannan 50, sannan 80, ka ga ko tana ja gefe, ko baya na riga kullewa. Sai gajerun tafiye-tafiye cikin gari, kana dawowa kana leƙa ƙarƙashi. Bayan kilomita 500 a bi duk notin mazaunin inji, farfela, difarenshal da ƙafafu a sake ɗaurewa, a duba kowace walda da tocila ko ta fara tsagewa.

Kafin ka hau babbar hanya, ka kai rasit ɗin inji ofishin rajistar motoci a gyara lambar inji a takardu, da launi in ka canja, ka yi gwajin lafiyar mota wurin VIO, ka kuma gaya wa kamfanin inshora abin da aka sauya.

Doguwar tafiyarmu ta farko Zariya muka je, da Hajiya a kujerar baya inda ta saba zama, da sufana da fis da fambel na ko-ta-kwana a but. A Jaji na tsaya na buɗe bonet, na taɓa kowace rim in ji ko birki na kamawa. Ta baya ta hagu ta fi sauran zafi. Kebul ɗin birkin hannu ne aka ɗaure fiye da kima, muka sassauta shi a gefen titi muka ci gaba.